Yadda Ake Ƙwace Kujerar Tsohuwa da Sunan Adabi

Kai da kake son a riƙa nuna ka ana cewa ga masanin manyan littattafai, amma da ka buɗe littafi sai barci ya sace ka, matso kusa. Ga hanya, kuma tabbatacciya ce. In ka bi ta yadda zan zayyana, na yi maka alkawari za ka yi suna, ka sa kwat mai facin fata a gwiwar hannu, ka kuma mallaki kujerar da ba taka ba.

Ba a makaranta na koyo ba. Tun ina ƙwaila aka cire ni daga aji aka kai ni masaƙar ulu, karatuna bai wuce lambar bas da kwalin magani ba. Wannan ma faɗa nake yi, maƙwabciyata Doreen tana rubutawa, in ka ga zagin ya yi sanyi ita ta rage masa gishiri. A kaina aka gwada hanyar, ina ji ina gani, shi ya sa na iya ta.

Wanda ya gwada sunansa Desmond Crowther, shugaban Ƙungiyar Masoya Marigayiya ta nan Kelderby. Wadda aka gwada a kanta Hilda Clegg, wato ni. Amma daga nan zan riƙa cewa "tsohuwar", don in na ce "ni" jinina hawa yake yi, likita kuma ya ja mini kunne.

Mataki na 1: Ka samu mamaci

Marubuci mai rai ba shi da amfani a wurinka, don yana iya buɗe baki ya ce ba haka yake nufi ba. Nemi wanda ya daɗe a ƙasa.

Mu nan mun yi sa'a. Muna da Marigayiya, wadda ta rubuta littafi ɗaya tak a gidan da ke bayan gidan waya, tari ya kashe ta tun zamanin kakannin kakanninmu. Lokacin da take raye an ce ko gaisuwa ba a cika yi mata ba. Yanzu gidanta gidan tarihi ne, da bazara motoci na sauke baƙi kamar ana juye dankali, fuskarta tana kan sabulu, tana kan gwangwanin biskit, har mahauci ya sa wa naman aladensa sunanta.

Mataki na 2: Kada ka karanta littafin

Wannan shi ne ginshiƙi, ka riƙe shi da kyau. Littafin ya kai bulo biyu nauyi, kai kuma kana da taro. Ka sayi kwafi uku. Ɗaya a falo, ɗaya a mota, ɗaya ka lanƙwasa bayansa ka ɗiga masa shayi don ya yi kama da wanda ya sha wuya.

Abin da ke ciki ba wahala. Duk manyan littattafan nan namu, a cikinsu ana ruwan sama, akwai gadon da wani ya cinye, akwai kuma mai tari. Wanda ya yi tari a farko, ka fara haƙa masa kabari.

Sai ka haddace magana uku. Ta farko: "Ta riga zamaninta." Ta biyu: "Ai ruwan saman nan ba ruwan sama ba ne." Kada ka faɗi ko mene ne, ka bar mutum da zulumi. Ta uku: "Duk buɗewar da na yi sai na ga sabon abu." Wannan ma ba ƙarya ba ce, tunda ba ka taɓa ganin tsohon ba.

In wani mai naci ya tambaye ka ƙarshen labarin, ka cire tabarau, ka kalli taga, ka ce, "Ƙarshen nan... hmm." Desmond ya yi shekaru yana cin abinci da wannan "hmm".

Mataki na 3: Ka nemo tsohuwa mai kujera

Za a yi bikin tunawa da Marigayiya, sai ka duba ɗakin rubutunta ka ga akwai tebur, babu kujera, don danginta sun daɗe da hura wuta da ita. Kada ka damu. A kowane gari akwai tsohuwar da mijinta ya rasu, mai kujera mai kyau, wadda ba ta da ɗa a kusa da zai fasa maka hanci.

Tamu tana can saman tudu. Kujerarta mijinta Wilf ne ya ƙera, kafinta ne, a shekarar da suka yi aure, da katakon wani tsohon ɗakin shanu da aka rushe. Katakon ya tsufa, kujerar ba ta kai shi ba. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani nan gaba.

Ka je da rana, ka cire hula tun daga ƙofa.

"Barka da rana, Misis Clegg. Kai, wannan ƙamshin kek!"

"Goge ƙafarka, Desmond. Me kake nema?"

"Haba, ba dama mutum ya zo gaisuwa?"

"Tun jana'izar Wilf ba ka gaishe ni ba, ranar ma don naman da aka raba ka tsaya. Faɗi."

"Aron kujera ne, na ƙarshen mako kawai. Don martabar garinmu."

"Ni kuma in zauna a ina, a kanka?"

"Litinin da safe ni da kaina zan dawo da ita."

Ka ce Litinin, amma kada ka ce wace Litinin. Allah ya yi su da yawa.

Za ta ba ka. Ba don ta yarda da kai ba, ta san ka tun kana jiƙa wando a bencin coci. Don dai mahaifiyarka ce ke tsayawa kusa da ita a masaƙa, suna raba burodi ɗaya. Ka ɗauki kujerar har da matashinta.

Mataki na 4: Ka gayyato farfesa

Ka nemo shi daga nesa, daga can kudu, wanda bai san kowa ba. Namu Farfesa Tennant ne, dogo, gashin hancinsa ya fi na kansa. Ka cika shi da shayi, sannan ka sake shi a ɗakin.

Zai durƙusa gaban kujerar kamar mai neman gafara. Zai shinshina katakon, ya ƙwanƙwasa, ya ce lallai wannan ya ga zamani. Sai ya ɗaga matashin ya ga mazaunin ya cinye ya yi rami ta gefen hagu, hannun kujerar na hagu kuma ya yi sumul yana sheƙi, na dama yana nan kamar sabo. Daga nan zai miƙe ya ce:

"Jama'a, a kan wannan kujera ta rubuta shi. Ku dubi yadda take karkata hagu, ɓangaren zuciya. Baƙin ciki ne ya rinjayar da ita. Duk adabinmu yana cikin ramin nan."

Wata mata ta fashe da kuka. Wani ya fara tafi.

Nan ne za a gane ko kai gwani ne. Ka san mai kujerar, ka san ƙugun da ya yi ramin, jiya-jiya ka ci kek ɗinta. To ba ƙarya za ka yi ba, ƙarya aikin ƙananan mutane ne. Gyaran murya za ka yi, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Mun daɗe muna zargin haka, Farfesa."

Mataki na 5: Igiya da ƙaya

Ka kewaye kujerar da jar igiya. Sannan ka ɗora mata ƙaya a tsakiyar matashi, busasshen kan tsiron nan mai kama da 'yar bushiya, irin wanda muke taje ulu da shi a masaƙa. Haka ake yi a duk gidan tarihi mai mutunci. Ba a rubuta "kada a zauna", rashin ladabi ne. Mu mutanen ƙasar nan ba ma ce wa mutum a'a, sai dai mu ajiye masa ƙaya mu yi murmushi.

Mataki na 6: In ta zo, ka ba ta shayi

Za ta zo. Litinin za ta wuce, wata ta bi bayanta, tsohuwar ta gaji da zama a kan gado kamar mara lafiya, ta ɗauki sanda ta gangaro.

"Desmond, ina kujerata?"

"Misis Clegg! Ku ba ta wuri. Madara ko sukari?"

"Kujera."

"Ai maganar tana gaban kwamiti."

"Wane ne kwamitin?"

"Ni ne, da mahauci, da limamin coci."

"Mahaucin da Wilf ya yi wa kanta? Limamin da ya zauna a kanta ya cinye mini kek rabin faranti? Kira su su kalli idona."

Kira su, ba abin tsoro. Za su zo su kalli takalmansu. Kowa a garin ya san wanda ya ƙera kujerar, amma tunda hotonta ya fito a jarida motocin baƙi suka ninka, mahauci har ya sake fenti. Limamin zai ce gaskiya tana da fuskoki da yawa. Kai kuma ka dafa ƙirji ka ce, "Kujerar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya yanzu. Ta al'umma ce."

Washegari ka aika mata da farar kujerar roba, irin ta lambu, da gwangwanin biskit mai fuskar Marigayiya. Kyauta tana rufe baki. Ta tsohuwar dai ba ta rufe ba, ta bai wa kajin Doreen biskit ɗin, amma kai ka yi naka.

Mataki na 7: Kada ka tambayi abin da ya yi ramin

In ka tambaya za ka ji, in ka ji kuma abincinka ba zai yi daɗi ba.

Injinan masaƙa sun kashe wa tsohuwar kunnen dama tun tana budurwa. Shi kuwa Wilf, duk da kaushin hannunsa, mayen karatu ne. Da sanyi ya shigo, in an ci abinci an kwashe kwanuka, sai ya ja 'yar kujerar tsuguno ya zauna ta hagunta kusa da murhu, ya buɗe littafin nan na Marigayiya. Ita kuma ta jingina a hannun kujera, ta karkato kunnen da ke ji.

Labarin wata yarinya ce mai kiwon tumaki, kawunta ya cinye mata gona, saurayinta ya tafi teku ya yi shiru. Wilf yana toshe hanci in zai yi muryar kawun. Tsohuwar ba ta iya yin shiru. "Ke yarinya, buɗe baki ki gaya masa mana, mu huta!" Wilf ya ce, "Hilda, ba ta jin ki." Ta ce, "Ai shi ya sa take wahala." Sukan gama shi wajen fitowar furanni, in sanyi ya dawo su sake daga farko, kuma kowace shekara sai ta sa rai wannan karon kawun zai ji kunya.

Haka suka yi har gashinsu ya yi fari. Da idonsa ya raunana yana karanta rabi, yana cika rabi da ka. Bayan an binne shi, in yamma ta yi takan zauna, sai ta tsinci kanta ta karkata hagu, ba kowa a wurin.

Saboda haka Farfesa bai yi kuskure duka ba. Littafin ne ya ci kujerar. Ƙugun ne kawai ya ɓata masa lissafi.

Doreen ta ce in tsaya in sha ruwa. Ba na sha. Rubuta.

Mataki na 8: Ka tara manyan baƙi

Ka sa a yi allon tagulla mai bayanin kujerar, ka gayyato Uwargida Ashworth ta buɗe shi. Ita ce mai babban gidan nan na bakin kogi, kuɗinta ne ke riƙe da rufin gidan tarihin, in ta yi atishawa kwamiti na kama mura. Ka kira masu ɗaukar hoto. Ka sa ranar Litinin, don gari ba cunkoso.

Abin da za ka manta shi ne 'yan gari ba sa biyan kuɗin shiga.

Kana tsakiyar "ta riga zamaninta" sai ga tsohuwar ta ratso taro, da kwat ɗinta na zuwa coci, Doreen na biye da filas. Ta sa sanda ta ɗage jar igiya kamar mai ɗage shanya. Ta kai hannu ta damƙi ƙayar. Wata baƙuwa ta yi ƙara. Ita kuwa tafin hannunta ya riƙe dubban irinta, ko gezau. Ta jefa ta a aljihu, ta juya, ta zauna.

Kujerar ta yi 'yar ƙara, irin wadda take yi in ta gane mai ita.

Ka matso, haƙora a waje saboda masu hoto, ka yi magana ta gefen baki.

"Misis Clegg, don girman Allah."

"Wancan kunnen ya mutu. Zagayo."

Ka zagaya. "Ki rufa mini asiri."

"Yau Litinin, Desmond. Na ga ba ka samu sukuni ba, na ce bari in hutar da kai."

Mataki na 9: Ka yi ƙarya, amma da sauri

Na ce maka ƙarya aikin ƙananan mutane ne. To yanzu ka ƙanƙance. Ba ka isa ka ja tsohuwa daga kujera a gaban masu hoto ba, ga Uwargida Ashworth ta ɗaga gira tana tambaya, "Mista Crowther, wace ce wannan baiwar Allah?"

Abin da ya fara zuwa bakinka shi za ka faɗa. Ga abin da ya zo bakin Desmond:

"Sabon shiri ne, Uwargida. Muna... karanta wa tsofaffin gari littafin. A kan kujerar. Don adabi ya isa ga talaka."

"Kai, madalla! Tunda nake ba ku kuɗi, yau na fara jin abu mai ma'ana. Har ƙarshe za ka karanta mata?"

"Har... ƙarshe."

"To a fara mana, muna ji."

Tsohuwar ta gyara zama, ta nuna ƙasa da sanda. "Nan, ta hagu. Nemo abin tsuguno. Kuma ka buɗe murya, ba addu'a kake yi ba."

Mataki na 10: Ka karanta

Ba ni da dabarar da zan ba ka a nan. Kowace safiya ana buɗe ƙofa za ka tarar da ita, da filas, da burodi mai kifin gwangwani, ƙamshinsa ya cika ɗakin Marigayiya. Za ka tsuguna gwiwoyinka na kuka. In ka yi sauri don ka rage hanya, ta ce, "Ban ji ba, koma baya." In baƙi sun shigo ta ɗaga murya: "Mijina ne ya ƙera ta, wannan ramin kuma nawa ne!" Su yi dariya su tafa, su ce wasan ya yi kyau, wani har ya tambaye ka a ina ka samo 'yar wasa haka.

Muryarka za ta dushe. Za ka sha zuma. Uwargida Ashworth kuma duk inda ta gan ka, ko a layin gidan waya ne, sai ta ce, "Kun kai ina?"

Sannan wani abu zai same ka wanda ba ya cikin shirinka, ka yi hattara da shi. Ganye ya fara zuba, an kai inda kawun ya sayar da tumakin yarinyar tana kwance ba lafiya, sai Desmond ya buga littafin a cinya.

"Amma mutumin nan ɗan iska ne!"

"Yau ka sani?"

"Har da ƙaramar tunkiyar da ta raina da kwalba! Ba wanda zai yi magana? Duk garin sun sani fa!"

"Sun sani. Suna kallon takalmansu. Ci gaba."

Bai ci gaba nan take ba. Ya cire tabarau, ya kalli taga, wannan karon ba "hmm".

Mataki na 11: Ka ɗauki kayanka, wato kayanta

Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta kama hanyar tudu, saura kaɗan a ji ko saurayin zai dawo daga teku. Tsohuwar ta zauna a gida. Ta aika Doreen ta ce ƙafarta ba ta taka ƙanƙara, kunnenta kuma ba ya ji sai a kan kujerar nan.

Uwargida Ashworth ta tare Desmond a bakin coci, a gaban mahauci da liman.

"Kun kai ina?"

"An ɗan dakata, Uwargida. Ba ta iya gangarowa."

"Ita ba ta iya gangarowa, kujerar ma ba ta iya hawa?" Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. Matar nan ba ta kai wautar da hulunanta ke nunawa ba. "Ka ce har ƙarshe, Mista Crowther. Rufin nan naku kuma na ji an ce yana yoyo."

Mota ba ta hawa tudun in akwai ƙanƙara. A bayansa Desmond ya goyo kujerar, ƙafafunta huɗu a sama, littafin cushe a aljihun kwat, yana zamewa yana riƙe katanga, duk unguwa an ɗage labule ana kallo. Ya iso yana haki kamar tsohon doki.

"Goge ƙafarka."

Ya goge. Ya ajiye ta gefen murhu, ƙafafunta suka faɗa daidai gurbinsu a kan kafet.

"Aro ne fa, Misis Clegg. Kwamiti ya ce in gaya miki, aro ne na ɗan lokaci."

"Na ji," in ji tsohuwar, tana zama. "Litinin zan dawo da ita."

Desmond ya ja kujerar tsugunon Wilf, ba tare da an ce masa ba, ya zauna ta hagu.

A nan ya ƙarasa littafin. Ya yi kuka a ƙarshe har da majina, sai da aka ba shi tsumman goge kwano. Muryar kawu dai bai kama ƙafar Wilf ba, kuma an gaya masa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya samu ciwon baya, ko dushewar murya, ko ya wayi gari yana son littafi, shi ya jiyo, ba ruwan Hilda Clegg, ba ruwan Doreen. Farfesa Tennant kuma in yana son ya ƙara nazarin ramin adabinmu, ƙofa a buɗe take, sai dai mai ramin tana zaune a kai kuma ba ta tashi.

Kai kuma Desmond, na san kana karanta wannan, tunda yanzu ka koyi karatu. Kada ka ɗauka don ka yi kuka a ɗakina mun shirya. Matashin kujerata bai dawo ba. Doreen ta gan shi a cikin akwatin gilashi, an rubuta wai Marigayiya ce ta yi masa ado da hannunta, alhali a kasuwar Alhamis na saye shi, wurin mai sayar da labule. Ƙayarku tana aljihuna. Ka kawo matashi, ka karɓi ƙaya. In ba haka ba, na san bencin da kake zama a coci, kuma kullum ina riga ka zuwa.